Motar da Na Sani da Kunne

Shekaranjiya anka rushe katangar. Jikana ne yak kawo magina, yac ce ƙasa ta gaji, damina mai zuwa za ta faɗo ma wani, gara a sa bulo a fid da shago ta bakin hanya. Gaskiya yaf faɗi, ban hana ba. Na dai sa anka jawo mani tabarma ƙofar ɗaki ina kallo, suna sara da diga, jar ƙasa na zubowa har da ɓaraguzan tukwanen da mutanen dauri sunka cusa ciki. Da sunka kai kusurwar yamma, wurin da randa ke zama a da, sai nij ji idanuna sun cika. Yaron yag gani, yac ce, "Kaka, katanga kike ma kuka?" Nic ce ƙasa ce taf faɗa mani ido. To mi zan ce mashi? Shi makaniki ne, gareji gare shi nan bakin kasuwa, amma in an kawo mashi mota sai shi jona mata wata 'yar na'ura, ita ce za ta gaya mashi inda ke ciwo. Kunnuwa biyu lafiyayyu Allah yab ba shi, kullum waya ce liƙe da su.

Ku 'yan yanzu ba ku san shiru ba, shi ya sa ba ku iya ji ba. Wurno ta yau tun rana ba ta fito ba babura sun fara kuka, ga injin niƙa, ga injinan ban ruwa can fadama, ga lasifika ta ko'ina, ƙara ta hau bisa ƙara har mutum bai san wadda za shi saurara ba. Ku dai zauna ku ji, kunne ya girmi kaka. Lokacin da anka kawo ni garin ga daga Tursa, zamanin Nasara, kowane motsi da mai shi. Kina tsakar gida kina surfe kin san dakan wa ke tashi a unguwa, domin taɓaryar matar maƙeri nauyi gare ta, maƙwabciyarmu kuwa ba ta iya daka ba ta jefa taɓarya sama ta tafa ba. Kin san jakin wa ke hawowa daga fadama da albasa da tafarnuwa. Kin san masunta sun baro gulbi tun ba su fara talla ba, saboda kukan shirwar da ke biye da su. Ladan da maƙogwaronai kawai shike kira, in ya yi mura duk gari an sani, har tsofaffi su aika mashi da citta.

Mota a garin, in ka cire lorin da kan zo kwasar auduga da kaka, guda ɗaya ce, kuma mai gidana ke tuƙa ta. Ba zan faɗi sunanai ba. Ban faɗe shi shina raye ba, ba yau zan fara ba. Uwatai ma, Inna, da muke zaune gida ɗaya da ita, ba ta faɗi, don ɗan fari ne. In ta matsu sai ta ce "wancan", ko "mai motar ga". Jif ce ta En'e, ta ma'aikatan lafiya, tsohuwa tukuf, an ce sai da soja sunka gama cin ƙarfinta wurin yaƙi kana anka turo ta nan. Shi yac ce mani sauran motoci da ƙafafun baya suke turawa, ita kuwa in an ja mata ƙaramin giya sai ƙafafun huɗu duk su kama ƙasa, shi ya sa take ratsa rairayin gulbi inda lori ke kafewa. Ni kam ban taɓa ƙare mata kallo ba. Ina kulle, hanya na bayan katanga, ita kuma ba ƙofar gida take kwana ba, can ofis ake aje ta. An ce gani ya kori ji. To ni gani bai samu zuwa ba, sai ji yaz zauna abinai.

Da wasa abin yaf faro. Wata rana da la'asar ya dawo daga Rabah, na aje mashi fura, bakina yas suɓuce nic ce, "Yau muryar motarku ta sake." Yaɗ ɗago kai yad dube ni, ludayi a hannu. "Ta sake yaya, 'yar Tursa?" Haka shike kirana. Nic ce ban sani ba, ta dai sake. Yac ce, "Yi mani yadda take yi." Kai, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige! Nij ja mayafi nir rufe fuska, ta cikin mayafin niy yi mashi wuuu, wuuu, nic ce haka take tashi tana faɗuwa sa'ad da kunka karya kwanar masallaci. Yay yi dariya har fura tas sarƙe shi. Amma bai ƙare sha ba yam miƙe yaf fita. Da yad dawo, hannuwanai baƙi ƙirin da giris, shina riƙe da wani zoben ƙarfe mai 'yan ƙwallaye ciki, rabinsu sun cinye sun yi kaushi. Yac ce boris ake ce mashi, daga tayar gaba yac ciro shi, kuma da an ƙara wata tafiya da shi, da tayar ta kama gabanta. Ya daɗe shina kallona, sannan yac ce, "Ashe makaniki na auro ban sani ba."

Daga ranar munka ƙulla wani shiri namu. In ya dawo daga tafiya, kafin shi kai ta ofis sai shi biyo ta bayan katangarmu, shi rage gudu, shi ɗaga ƙafa daga totur, shi sake takawa, sannan shi wuce. Ni kuwa ina tsaye kusurwar yamma wurin randa, ko da hannuna na cikin ƙullu. Cewa shike mai tuƙi bisa inji shike zaune, inji ya cika mashi kunne, abin da ke faruwa ƙarƙashin ciki na waje ke jin shi. Shi da tafin ƙafa shike saurare, don bai taɓa tuƙi da takalmi ba, ƙarƙashin kujera shike tura su. In rawa ta zo mashi ta sitiyari ya san ta gaba ce, in kuwa ta kujera tab biyo har ta kai haƙori, to ta ƙarƙashi ce ko ta baya. In ya ci tuwo sai in yi mashi abin da nij ji, shi kuma shi fassara. Kukan da ke tashi in an taka totur, shi kwanta in an ɗaga, haƙoran cikin aksil na baya ne, ko mai ya ƙare masu ko sun tsufa. Wanda ke sakewa in an karya kwana boris ne. Wanda ba shi fitowa sai an ja ƙaramin giya, a neme shi gaba. Washegari shi shiga ƙarƙashinta da wata sandar kanya, shi ɗora kan sandar bisa ƙarfe shi sa gindin a kunne. Shi ɗiga man giyabos a tafin hannu shi murza, in ya ji yashi-yashi ya san ƙarfe na cin ƙarfe. Yawanci ina dacewa. Wani lokaci kuma in kwafsa, kamar ranar da nit tashe shi tsaye kan wani ƙwal-ƙwal, yay yi ta bincike har rana tat take, ashe galan ne babu komi ciki ke birgima a baya. Na sha tsokana kan galan ɗin nan har na gaji.

Da taɓaryata yak koya mani farfela. Yak kwantar da ita ƙasa tsakanin turmi da dutsen niƙa, yac ce turmi shi ne giyabos, dutsi ƙafafun baya, taɓarya kuwa ƙarfen da ke juyawa ƙarƙashin ciki shina kai ƙarfi daga wannan zuwa wancan. Kowane kai nata da gwiwa, mahaɗin da ke ba ta damar lanƙwasa in mota ta faɗa rami. "Komi na jikin motar ga in ya mutu tsayawa za ta yi," in ji shi, "ban da wanga da birki. In gwiwar gaba ta tsinke ana gudu, kan taɓarya shi faɗi shi caki ƙasa, mota ta hau kanta." Yaɗ ɗaga gindin taɓaryar yan nuna mani yadda za ta yi. Nic ce Allah shi kiyaye, nik karɓe abata, domin ga gero na jira.

Inna ba ta son wanga sha'ani, ko kuwa haka take nunawa. Tana zaune ƙofar ɗakinta da mazari da auduga, sai ta ce, "Ni 'yasu! Mace da kukan mota a baki. Mu da waƙar niƙa anka san mu." Amma na lura, da an jiyo jif daga nesa mazarinta ke tsayawa. Ba ta duban katanga, ba ta dubana. Sai motar ta wuce, na koma wurin aikina, sannan ta ce, kamar da audugar take magana, "Lafiya take?" In ce, "Lafiya lau, Inna." Sai mazari shi ci gaba da juyawa. Na daɗe kafin in gane ba motar take tambaya ba. Matar da ba ta iya kiran sunan ɗanta, ba ta iya tambayar ko ya ci abinci, ta samu ƙofar da za ta bi. Iyayenmu haka suke son ɗan fari, a ɓoye, kamar abin sata. Yanzu kuwa uwa na tsakiyar mutane tana ƙwala ma ɗan farinta kira, ba wanda ko gira za shi ɗaga.

Da bazarar shekarar da nike goyon ɗiyata, uwar wanga mai rushe katanga, nij ji wani sabon abu, ciyu-ciyu-ciyu, siriri, kamar ɗan tsako ya ɓace ma uwatai, kuma sai motar na tafiya a hankali shike fitowa. Yas shiga ƙarƙashi yak kama farfela yam murɗa, yaj ji gwiwar gaba ta ɗan yi sako-sako. Yac cika ta da giris, yaf faɗa ma manyanai, sunka ce an aika Sakkwato a kawo sabuwa. Aike dai anka yi ta yi, shiru kake ji. Shi kuwa yac ce mani, "Muddin tsako na kuka, da sauran kwana. Ranar da kinka ji ya yi shiru, kinka ji ƙwas, ƙwas, kamar ana buga guduma ƙarƙashi, to ranar ko Bature Di'o ne ciki a sauke shi. Kada ki ji kunyata, ki faɗa mani." Nic ce to.

Cikin wannan zafin agana tas sauka wajen Giyawa da ƙauyukan Goronyo. Ku ba ku san agana ba, ku gode ma Allah. Ku dubi tabon da ke damtsen tsofaffi, na lamba ne, wato rigakafi, shi yak kore ta. Ciwo ne da kan shiga gida shi fita da yara biyu ko uku, wanda yat tsira kuma shi bar mashi zane a fuska ko shi tafi da ido. Anka ce a kwashi masu lamba da akwatunansu a kai su can, kuma babu motar da ke iya rairayin hanyar sai wadda shike tuƙi. Ana gobe tafiya shina wanke ƙafa nic ce, "Malam, tsakon fa?" Yac ce, "Shina nan shina kuka, na ƙara mashi giris. Ɗiyan mutane na mutuwa, 'yar Tursa. In na ce sai ƙarfe ya zo daga Sakkwato, wa za a iske?" Yad dubi yarinyar da ke bayana, yas shafa kanta. Gaskiya gare shi.

Da hantsi sunka tashi. Ya yi sallama da Inna daga nesa, tac ce Allah shi kiyaye hanya tana duban auduga. Yat tafi ofis anka yi lodi, mutane da akwatuna da mai da ruwa, nauyin da motar ba ta ɗauka ba tun da tsakon yaf fara. Sai kuma yab biyo ta bayan katanga, ko da shike ba mu saba haka wurin fita ba. Ina tsaye wurin randa. Nij ji ya ɗaga ƙafa. Babu tsako. Yas sake takawa, ƙwas. Yas sa giya na gaba, ƙwas, ƙwas. Nid dubi randa, ruwan ciki na ɓari, 'yan zobba na tashi daga tsakiya, abin da bai taɓa yi ba. Mutanen cikin motar na ta hira da dariya, ina jin su. Wayyo Allah! Ban san sa'ad da niy yar da moɗa nin nufi zaure ba, ba mayafi, goyo na tsalle a bayana.

Ashe Inna na da sauri haka. Kafin in kai bakin zaure tac cafke wuyan hannuna, riƙon da sai da yab bar shaida. "Ina za ki?" Nic ce, "Inna, ƙarar ce! Wadda yac ce in faɗa mashi. A tsai da shi, a aiki wani shi kira shi!" Tac ce, "Kul! Ba a kiran matafiyi. Wanda yas sa ƙafa a hanya, in anka kira shi ta baya an karya mashi tafiya, ba shi dawowa da alheri. Ke ba a gaya maki ba gidanku?" An gaya mani mana, da shi munka tashi dukanmu. Nic ce, "Inna, shi da bakinai yac ce." Idanunta sun kaɗa, tac ce a hankali, "Shi kaɗai gare ni. Ba za a kira mani shi ta baya ba." Ranar nif fara jin ta ce shi nata ne. Muna nan tsaye cikin zaure tana riƙe da ni, har ƙarar tag gangara fadama, tay yi ta ƙanƙancewa, tab bar mu da kukan kurciya.

Ban taɓa riƙe ta a zuci ba, Allah shaida. Tsoron da yas sa ni gudu shi yas sa ta riƙe ni. Ko da na kuɓuce ma, mace ba mayafi tsakiyar hanya, da wane suna zan kira shi? Abin da dai ke ci mani rai har gobe, ban sani ba ko ya ji. Mutumin da ke tuƙi da tafin ƙafa, anya ƙwas irin wannan ya wuce shi? Wata rana in ce hira da nauyin kaya sunka rufe mashi. Wata rana in ce ya ji sarai, ya auna ƙarfen nan da ɗiyan Giyawa, yat taka totur. Da yau ne, ga wayar hannu, da ƙaramin yaro ma ya same shi kafin shi kai gulbi, kuma ba wanda za shi ce an karya tafiya, tun da yanzu mutum na bisa babur ake kiran shi a tambaye shi inda ya aje makulli. Ni kam tun daga lokacin ba ni barin kowa. Jikokina sun sani, in babur ya tashi nij ji sarƙa na wani kaca-kaca, ko ya kai bakin kasuwa sai na sa an dawo da shi. Suna cewa Kaka ta rikice. Su yi ta faɗi.

Kwanakin da sunka biyo, gidan ba mai magana. Ina daka ina tsayawa, in saurara, in ci gaba. Inna ta yi ta kaɗi, zaren na tsinkewa tana ƙullawa. Masu jakuna da sunka zo cin kasuwa daga Goronyo sunka ce sun ga jif gindin wata tsamiya a Giyawa, mata sun taru da yara ana yi masu lamba, direban ma shi ke riƙe yaran da ke ƙi shina yi masu wasa. Nic ce alhamdu lillahi, ta kai su. Har na fara cewa a raina wataƙila wani galan ne kuma.

Ran nan bayan la'asar ina tankaɗe, nij jiyo jif tun daga gangaren fadama. Ita ce ba shakka, muryar da zan gane ko cikin hayaniyar yau. Nim miƙe nit tafi wurin randa, gari a hannu. Mazarin Inna yat tsaya. Nik kasa kunne. Babu tsako, babu ƙwas, ruwan randa kwance luf. Daɗi yak kama ni, nic ce ƙarfe ya iske su can, an gyara. Sai tak kawo kwanar masallaci, anka nemi giya, nij ji ƙurrr, haƙori na cin haƙori. Shi kuwa tun da nike bai taɓa sa giya ƙara ba, cewa shike wanda ke sa giya kuka bai da tausayi. Jan ma ba irin nata ba ne, daga gaba take ja, da ƙyar, baya na biye kawai. Taz zo daidai katanga ba ta rage gudu ba. Ba a ɗaga ƙafa ba, ba a sake takawa ba. Tak kewayo tat tsaya ƙofar gidanmu, inda ba ta taɓa tsayawa ba, anka kashe ta.

Abin da yaf faru, daga baya anka gaya muna. Sun ƙare lamba sun kamo hanyar gida da safe. Inda ƙasa ke da tauri yaɗ ɗan saki gudu, gwiwar tat tsinke, kan farfela yac caki ƙasa, motar tah hau kanta, daidai yadda yan nuna mani da taɓarya. Masu lamba sunka fita da karaya da ƙujewa. Shi sitiyari yad danne ma ƙirji. Mutanen ƙauyen da yar riƙe ma yara sunka yi mashi sutura kafin azahar, can shike kwance, ban taɓa ganin wurin ba. Wani direban lori daga Goronyo yak kwance farfelar yaj jefa a baya, yaj ja ƙaramin giya, yal lallaɓo ta da ƙafafun gaba, shi ya sa nij ji ta shiru. Takalmanai na nan ƙarƙashin kujera inda yat tura su, su anka miƙo mani.

Amma a lokacin ba wanda yas shigo tukuna. Ana ta gyaran murya a waje, ba mai son shi fara sallama. Ina tsaye, gari na zuba daga hannuna. Inna ba ta dube ni ba, audugarta take kallo, tac ce yadda ta saba, "Lafiya take?"

Nic ce, "Ita lafiya take, Inna."

Mazarin yaf faɗi yag gangara har gindin turmi. Tam miƙe, tsohuwar da tah hana a kira matafiyi, tan nufi zaure ba mayafi, tana ƙwala kiran sunanai, sunan yanka, cikakke, yadda ake kiran yaro shi dawo gida tuwo na hucewa. Ban riƙe ta ba.